Yadda na gina gidana ban kashe tsamiyar da na tarar a filin ba

Duk wanda ya sayi fili a bayan garin Kano a 'yan shekarun nan, ko ta Kumbotso ne ko Ungogo ko hanyar Gezawa ko Dawakin Kudu, ya san yadda abin yake tafiya. Gona ce ta gado, magada su sayar, a kawo mai awo ya yanka ta fuloti-fuloti a kafa fegi, kafin ma tawadar takarda ta bushe masu injin yanka itace sun iso, ɗorawa da tsamiya da kanya da gawo da kakannin mutane suka raina shekara da shekaru sai a kwantar da su a yini guda a loda a mota a kai gidan burodi ko wajen masu gawayi. Sai unguwa ta cika, zafin Afrilu ya zo ya haura digiri 40, kowa ya fito yana neman inda zai raɓa babu, sannan a fara sayen ɗan dashen darbejiya ana kewaye shi da bulo ana jiran shekara goma. Ni abin nan ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, shi ya sa da Allah ya hore min nawa filin, ƙafa 50 da 100, na tarar da tsamiya ɗaya da ɗorawa ɗaya a ciki, na ƙudurta a raina duk wadda za ta iya rayuwa a cikinsu sai ta rayu.

Tun a wajen ciniki aka fara. Mutanen birni da yawa ba su san cewa a karkara bishiya dukiya ce mai zaman kanta ba, ana iya sayar maka da ƙasa a sayar wa wani itacen da ke kanta kuma babu wanda zai ga an yi ba daidai ba. Muna tsaye dillali yake ce min "Alhaji ai itatuwan nan an riga an yi cinikinsu da wani mai itace, har ya ba da kafin alƙalami, sati mai zuwa za a share maka wajen tas." Shi a ganinsa albishir yake min. Nace to in babu bishiyar babu cinikin. Aka nemo mai itacen na mayar masa da kuɗinsa har da ɗan ihsani don kar ya tafi da ɓacin rai, sannan a takardar ciniki gaban mai unguwa da shaidu na sa aka rubuta ƙarara cewa an sayar da fili tare da itatuwan da ke cikinsa, tsamiya ɗaya ɗorawa ɗaya. Dan Allah duk mai irin wannan niyya kar ya raina wannan layi ɗayan, domin tsakanin ranar da ka biya da ranar da za ka fara gini wani lokaci shekara biyu ce ko fi, kuma ba a wajen kake kwana ba.

Kafin in je wajen mai zane sai na fara nemo wani dattijo tsohon malamin daji da ya yi ritaya, abokin mahaifina ne. Da na fara kai wa akitek maganar da tuni ya zana min gida mai kyau a kan farar takarda, daga baya mu zo muna neman inda za mu cusa bishiya, kuma a irin wannan kokawa bishiya ce kullum take faɗuwa.

Dattijon, wanda nake kira Baba, ya zo da safe da ɗan gatarinsa da tef ɗin awo. Ɗorawa ya fara zagayawa, tana kusan tsakiyar filin, ya riƙa bugun gindinta da ƙeyar gatari yana kasa kunne, sai ka ji tana amsawa fayau, alamar cikinta rami ne. Ya nuna min hanyar gara da ta hau har sama, ya nuna min kauci da ya cika rassanta, ga wani babban reshe da ya taɓa ɓallewa ya bar kogo ruwan sama yana taruwa a ciki. Yace "ɗana, wannan ta gama nata, ko ka bar ta wata rana iskar farkon damina za ta kwantar maka da ita a kan ɗakin yara." Wallahi raina bai so ba amma gaskiya ya faɗa. Abin da na iya yi kawai shi ne na jira har 'ya'yanta suka nuna, matan gidan da suka sayar min suka zo suka kaɗe ta suka kwashi kalwarsu ta daddawa karo na ƙarshe, sannan aka sare.

Tsamiyar kuwa lafiyarta ƙalau. Tana kusurwar gaba ta hannun dama, kamar mita 3 daga iyakar titi, mita 3 daga iyakar maƙwabci. Ya auna kaurinta daidai tsayin ƙirjinsa, zagayen ya ba da mita 2 da santimita 20, wato faɗin gangar jikin kusan santimita 70 kenan. Sai ya min wani lissafi da ban taɓa ji ba. Yace a Ingila suna da ƙa'idar gini a kusa da bishiya, BS 5837, wadda aka sabunta a 2012, a can ana auna faɗin gangar jiki a tsayin mita ɗaya da rabi daga ƙasa a ninka sau 12, abin da ya fito shi ne nisan da za a ja daga gindi a zagaye, cikin wannan da'ira ba haƙa, ba ciko, ba ajiye kaya. Namu ya ba da mita 8 da santimita 40. Ya ɗaura igiya a gindin ya sa yaro ya ja ta yana zagayawa yana zuba toka a ƙasa, ina tsaye ina kallon da'irar nan tana cinye min gaban fili, gabana ya faɗi.

Nace Baba ai tsamiya saiwarta ƙasa take nutsawa, me ya kawo wannan faɗin haka? Sai ya karɓi fartanya ya tona ɗan rami wajen taku bakwai daga gindin, bai kai tsawon kamu biyu ba sai ga saiwoyi sirara ja-ja sun yi saƙa a cikin ƙasa. Yace waɗannan su ne bakinta da hancinta, da su take shan ruwa da su take shaƙar iska, mafi yawan saiwar bishiya tana cikin santimita 60 na saman ƙasa ne kuma tana wuce inda inuwar ta tsaya. Manyan da ke kusa da gindi su suke riƙe ta kar ta faɗi. Yace mutane suna cewa "ai ba mu sare ta ba mun bar ta", alhali sun datse mata saiwa da ramin fandishan, tifa ta danne ƙasar ta zama dutse, an zuba mata ruwan siminti, an binne gindinta da marmara, an shafe da kankare. Ba ta mutuwa a ranar, sai bayan shekara biyu ko uku ko biyar a ga saman ya fara bushewa, sai a ce tsufa ne ko ciwo. Wannan maganar ita ta canza min duk yadda nake kallon aikin, na gane abin da zan kare yana ƙarƙashin ƙasa inda ba wanda yake gani.

Da wannan awon na je wajen akitek, na roƙe shi ya fara sa da'irar a takarda kafin ya ja layin ɗaki ko ɗaya. Filin mita 15 ne a faɗi, 30 a tsawo. Da aka cire rabon tsamiya sai ya zama dole ginin ya ja baya ya fara daga wajen mita 12, sannan a gefen hagu an samu wani siririn wuri da ya fi mita 3 kaɗan wanda da'irar ba ta taɓa ba, nan muka sa get da hanyar mota, sokawe ma nan aka kai shi ƙarƙashin hanyar motar aka yi masa murfi mai ƙarfi, don mai kwashe shadda ya iya isa ba sai ya shiga wajen bishiya ba. Bututun ruwa da wayar wuta duk aka zana su bi ta wannan gefen. Abin da na rasa shi ne shaguna biyu da na so in fitar a gaba da ɗakin baƙi na waje, falo ma sai da ya ragu. Ba ƙaramar asara ba ce ga mai albashi, kuɗin hayar shago yana rage zafi, ba zan ɓoye wannan ba.

A gida ma an sha muhawara. Yayana cewa ya yi saiwa za ta fasa min gini, kuma maganarsa ba shirme ba ce, kowa ya taɓa ganin katangar da darbejiya ta ɗaga. Injiniya ya sa aka haƙa rami a baya ya duba ƙasar, yace jigawa ce mai yashi, ba laka ba ce da take kumbura da damina ta tsuke da rani, kuma da tazarar mita 8 zuwa 9 tsakanin gindi da fandishan ba ya jin komai, abin da saiwa ta fi ɗagawa shi ne gini marar nauyi da aka manna mata a jiki, sai kuma bututu mai yoyo da take bi saboda danshi. Hajiya kuwa nata damuwar daban ce, tace "tsamiya fa a cikin gida? Ka san abin da ake faɗa a kanta." Kowa ya san maganar iskoki da ake jingina wa tsamiya da kuka, kuma na tabbata wannan tsoron ya ci bishiyoyi da yawa a garin nan. Ban yi mata gardama ba, na ɗauke ta na kai ta wajen da yamma, ta zauna a gindin ta ga yara 'yan makarantar allo suna tsintar tsamiya, ta yi addu'o'inta ta tofa, tace Allah ya sa albarka, a dai riƙa karanta Baƙara a gidan. Shikenan aka wuce wajen.

Zanen da muka kai KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, neman izinin gini yana ɗauke da bishiyar da da'irarta da rubutu a gefe cewa ba za a taɓa wajen ba. Amfanin wannan daga baya na gan shi, domin takardar da aka buga wa hatimi ita ce a hannun birkila, in ya ce "Oga bari mu ɗan matso da ginin gaba" sai in ce duba abin da aka amince da shi, magana ta ƙare ba sai mun yi ja-in-ja ba.

Ranar da aka fara aiki, kafin tifar yashi ta farko ta shigo, kafinta ya riga ya kafe katako ya buga tsofaffin kwanuka a kan layin tokar nan, shinge sosai wanda ba a ɗagawa da hannu. Igiya ko jan ƙyalle ba sa aiki a wajen gini, kafin azahar an tsallake. Kuma dole mutum ya fahimci leburori, a fili fetal da rana tana dukan kai inuwa ɗaya ce tak, nan kowa zai so ya ajiye siminti, nan za a so a kwaɓa kankare, masu buga bulo ma nan suka nuna tun farko don bulo ya fi ƙwari in ya bushe a inuwa, mai tifa kuma nan zai so ya juya. Ba mugunta ba ce. Don haka na yi musu rumfar kwano babba a baya na ajiye randa biyu, na ware wajen kwaɓi da wajen wanke baro da shebur can ƙarshen fili inda gangaren ba ya kawo ruwan wajen tsamiya, saboda ruwan siminti yana da kaifi, ƙona ƙananan saiwoyi yake ya ɓata ƙasar. A shingen na bar 'yar ƙofa ta mutum ɗaya, a shiga a shimfiɗa tabarma a yi sallah a ci abinci, amma baro ba ya shiga, ba a hura wuta, ba a buga ƙusa a jikinta don rataye riga. Na tara su na yi musu bayani da bakina, na ce wa babban birkila in aka gama aiki ba a karya wannan sharaɗi ba akwai tukuici na musamman, kuma na cika.

Inda aka fi shan wuya shi ne katanga. Dole ta bi ta gaba da gefen dama, mita 3 kacal daga gindi, wato ta tsakiyar manyan saiwoyi. Yadda aka saba shi ne a ja rami dogo daga kusurwa zuwa kusurwa, duk abin da diga ta tarar ta datse, da an yi haka da an yanke mata saiwa ta ɓangare biyu lokaci guda, ko ba ta mutu ba ta zama haɗari ga mu da masu wucewa. Injiniya yace a ɗora katangar a kan filoli. Aka haƙa ƙananan ramuka da hannu, tazarar kamar mita biyu da rabi, a hankali da shebur da fartanya, in an ci karo da saiwar da ta fi babban yatsa kauri sai a bar ta a matsar da ramin gaba ko baya, shi ya sa in ka auna filolin katangata za ka ga tazararsu ba ɗaya ba ce. Saiwar da ta fito fili a lulluɓe ta da jiƙaƙƙen buhun algarara kar rana ta busar da ita, cikin ramin a shimfiɗa leda mai kauri kafin a zuba kankare don kar ɗanyen siminti ya taɓa ta. Sai aka zuba bim a kan filolin daidai saman ƙasa, bulo ya hau kansa, saiwoyi suna wucewa ta ƙasa abinsu. Ya ci rodi da siminti fiye da katangar yau da kullum, ya kuma ci lokaci, birkila ya yi ta ƙorafi da farko amma da aka gama shi da kansa yake kawo abokan sana'arsa yana nuna musu.

Sai maganar ciko. A sababbin unguwanni kowa ɗaga gidansa yake da marmara don gudun ranar da za a yi titi ya fi gida tudu ruwa ya riƙa shigowa, kuma hakan daidai ne. Mun ɗaga ginin da hanyar mota, amma cikin da'irar ko baro ɗaya ba a zuba ba, Baba yace ciko ko na kamu ɗaya ne in aka danne shi toshe wa saiwa iska yake, in ya rufe gindi kuma ɓawon ya ruɓe. Sai wajen ya zama ya ɗan fi sauran gidan kwari, aka yi matakala biyu ana sauka, aka bar ƙofofin ruwa a ƙasan katanga don kar ya kwanta in an yi mamako. Masu intalok sun zo sun yi ta lallashi a shafe tsakar gidan gaba ɗaya ya yi kyau, nace a'a, yashi mai laushi aka baza sama-sama, ganyen da ya zubo kuma ba ma ƙonawa, a gindin muke tara shi.

Duk da wannan tsaro sau ɗaya an yi ɓarna. Mai aikin famfo ya zo ranar da ba na nan, ya ga bin gefen hagu zai ci masa bututu da yawa, sai ya cire kwano biyu ya ja rami ta gefen da'irar don ya yanke hanya. Maigadi ya kira ni, kafin in iso sun datse saiwa biyu masu kaurin damtse da diga, duk sun dagargaje. Na kira Baba a waya yace kar a shafa komai, a samo zarto mai kaifi a yanke inda ya dagargaje ya zama sumul, a mayar da ƙasar wajen ba marmara ba, a ba ta ruwa sosai. Wani lebura ya kawo shawarar a shafa baƙin mai wai yana hana ruɓa, Baba yace ko kusa, guba ne. Bututun aka mayar da shi inda zane ya ce, a kuɗin mai famfon. Wanda duk zai shigo aiki daga baya, mai famfo ne ko mai wayarin ko mai haƙa rijiyar burtsatse, bai ji bayanin ranar farko ba, sai an sake yi masa nasa.

Reshe ɗaya ne muka cire, wanda ya miƙo inda rufi zai tsaya. Da rani aka yi, aka fara ɗan yanka ta ƙasa sannan ta sama can gaba don nauyin ya faɗi bai yage ɓawo ba, sannan aka gyara dungun a bar ɗan kumburin da ke haɗe da jiki, nan ne take warkewa ta rufe da kanta.

A 2025 gwamnatin Kano ta sanar da cewa sai da izini za a riƙa sare bishiya da injin yanka itace, na ji daɗin wannan ƙwarai, Legas ma tun 2011 suke da dokar da ta hana sare bishiya ba izini. Amma hana sarewa abu ɗaya ne, abin da ake yi wa saiwa a wajen gini wani abu ne daban, wannan yana hannun mai gida da mai zane da birkila, kuma a zane ake yanke hukuncinsa tun ba a sauke bulo ko ɗaya ba.

Yanzu mun tare, tsamiya ta yi fure ta yi 'ya'ya bayan gini, amma Baba yace kar in saki jiki sai ta shekara biyar, in riƙa duba can ƙololuwa ko rassa sun fara bushewa, ko ganye ya ƙanƙance, ko naman kaza ya fito a gindi. Kuma kusan rabin da'irar nan ba a filina take ba, wani ɓangare yana titi wani yana filin maƙwabci. Da na ji ya fara sauke yashi na ɗauki zanena na same shi har gida, nace "Malam, inuwar nan da kai za mu sha, kuma katanga ta riga ta tsaya ba sai ka ja wata ba, roƙona kawai ka kai sokawenka ɗaya gefen, ɗakin da zai zo kusa da ita kuma a ɗora shi a kan fila, bambancin kuɗin rodin ni zan biya." Yace zai yi shawara da injiniyansa, bayan sati ya kira ni yace ya amince da sokawen, maganar fila kuma sai an zo fitar da fandishan za mu zauna da birkilansa. Na riga na gaya wa Baba ranar, yace zai zo da tef ɗinsa. Na titi kuma mun yi magana da mai unguwa, in aikin kwata ya iso layinmu za mu je tare mu roƙi a haƙa wannan ɗan tsakanin da hannu.